Gidan da Ke Cike Bai Biya Ba, Kango Ya Biya Ninki

A layinmu na Manchesta gidajen jan bulo ne a jere, bango ɗaya, tsari ɗaya. Da watan Maris ya kama, takardun harajin gida suka iso daga ƙaramar hukuma. Mu huɗu ne a namu gidan, amma takardarmu ta ce ko kwabo ba za mu biya ba. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai, an rage mata kashi 25 cikin 100. A tsallaken titi kuwa akwai gidaje biyu a kulle. Na farko, in ji ɗan mai gidan da ke zuwa kwasar wasiƙu, ba a cajin sa komai. Na biyun, dillalin da ke kula da shi yana ta mita wai an ninka musu kuɗin. Na ce lalle akwai lauje cikin naɗi.

Da farko na zargi darajar gidajen. A Ingila an kasa gidaje rukuni takwas, daga A zuwa H, bisa kuɗin da za su yi a ranar 1 ga Afrilu 1991. Na duba a intanet. Duk huɗun rukunin A ne, wato waɗanda a lokacin ba su wuce fam 40,000 ba. Wannan zato ya faɗi.

Sai na kai takardarmu wa wani dattijo Bakano da ya daɗe a garin.

"Baba, anya ba kuskure suka yi ba?"

Ya yi dariya. "Yaro, kai bulo kake ƙirgawa, su kuma kawuna suke ƙirgawa."

Ya ce harajin ya fara aiki a 1993, a madadin harajin kai na zamanin Margaret Thatcher wanda ya jawo tarzoma. Amma ƙirgen kawunan bai mutu ba: ana yanka kuɗin ne a kan cewa manya biyu ke zaune a gida. In mutum ɗaya ne, a cire kashi ɗaya cikin huɗu. Ga amsar tsohuwa ke nan. Ɗalibin da karatu ne cikakken aikinsa kuwa ba ya shiga lissafi, gidan da duk ɗalibai ne an yafe masa. Mu huɗu duk ɗalibai ne, don haka a idon hukuma, ba kowa.

Saura gidajen kulle. Duka biyun ba motsi, to me ya raba su? Ranar Asabar na tare ɗan mai gida na farko, na tambayi lafiyar mahaifinsa. Ya ce tsufa ya kayar da shi, ya koma gidan kula da tsofaffi, ba kuma dawowa zai yi ba. Ashe doka ta yafe wa irin wannan gida, kamar yadda ta yafe wa gidan mamaci kafin kotu ta ba da takardar gado, da wata shida bayanta matuƙar ba a shiga ba, ba a sayar ba.

Na biyun kuwa mai shi lafiyarsa ƙalau. Ya kwashe kaya, ya rufe, yana jiran gidaje su yi tsada. Tun Afrilun 2024 ƙananan hukumomi na da ikon ninka harajin gidan da ya shekara haka. In ya kai shekara 5 a biya ninki uku, in ya kai 10 ninki huɗu. Garin da mutane ke layin neman muhalli ba ya raga wa mai ajiye kango. Ba rufe gida ake tambaya ba, dalilin rufewar ake tambaya.

Da na kammala karatu na sami aiki, ban sauya ɗaki ba, abokan zamana uku suna nan suna karatunsu. Sai ga sabuwar takarda: kashi 75 cikin 100, da sunana ni kaɗai. A ranar ce hukuma ta fara ganina.