Yadda Za Ka Duba Fiyus Ɗin Motarka Ka Canza Shi Da Kanka: Jagora Ga Manoma Da Masu Dakon Amfanin Gona A Ƙasar Yauri

Yau za mu ɗan bar gona mu leƙa cikin motar da ke kai amfanin gonar kasuwa. Duk wanda ya taɓa yin lodin albasa ko ɗanyen kifi daga bakin ruwa, ya kama hanyar Yelwa bayan magariba, fitila ta ɗauke masa a tsakiyar daji, ya san tashin hankalin da ake shiga. Buhun shinkafa zai iya kwana a hanya bai yi komai ba. Ɗanyen kifi da tumatir kuwa ba sa jira, in suka kwana an yi asara.

Sau da yawa abin da ya tsayar da motar ba inji ba ne, ba batir ba ne. Wani ɗan abu ne da bai kai kan babban yatsa ba, wato fiyus. In ka san yadda ake duba shi, cikin minti goma ka tashi. In ba ka sani ba, sai ka biya kuɗin mashin a ɗauko maka mai wayarin daga gari, ko ka yi ƙwarya-ƙwaryar dabarar da za ta ƙona maka mota.

Mene ne aikin fiyus?

Fiyus siririn ƙarfe ne da aka saka a hanyar da wuta ke bi daga batir zuwa fitila, hon, waifa, fanka da sauransu. An yi shi ne da gangan ya zama ya fi ko'ina rauni. Idan wutar da ke bin waya ta wuce ƙima, shi ne zai narke ya tsinke kafin wayar ta yi zafi ta kama da wuta.

Kwatanta shi da noman rani. Idan ruwa ya yi wa fangali yawa, gara ya ɓalle ta ƙofar da ka tanada, da ya fasa kunya ya kwashe shuka. Fiyus shi ne wannan ƙofar. Saboda haka idan ya ƙone, aikinsa ya yi. Abin tambaya shi ne: me ya sa ya ƙone?

Me ya sa motocin yankinmu suka fi fama da wannan?

Na farko, laima. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, garuruwa da yawa na Yauri da Ngaski suke zaune a gaɓar tafki. Motar da ke aiki a mashaya da fadama kullum tana cikin danshi, ga ratsa kududdufi da damina. Danshi na sa ƙafafun fiyus su yi tsatsa ko su yi kore-kore, wuta ta daina wucewa yadda ya kamata.

Na biyu, gargada. Hanyoyin ƙauyukan Shanga da Ngaski da ke fitowa zuwa babban titin Kontagora, Yauri, Koko da Jega yawanci na burji ne. Girgiza tana sa waya ta riƙa gogar ƙarfen mota har robarta ta cinye. Da zarar tagullar ta taɓa jikin mota, wuta ta haɗu, abin da masu wayarin ke kira shot.

Na uku, ɓeraye. Motar da ke kwana kusa da rumbu ko sito, ko wadda aka bar tsabar shinkafa da masara a bodinta, gidan ɓera ce. Su kuwa ba sa raina robar waya. Taraktar da aka ajiye tun bayan huɗa har wata daminar ta fi kowa shan wannan.

Na huɗu, ƙare-ƙaren da muke yi da kanmu: babbar fitila a kan rufi, lasifika, cajar waya mai baki uku, famfon hura taya. Sai a jona su a wayar da ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyin ba.

Ina akwatin fiyus yake?

Yawancin motoci, irin su Hilux da sauran akori-kura da ƙananan motocin haya, akwati biyu gare su. Ɗaya yana ciki, ƙasan sitiyari ta wajen gwiwar direba ko a gefen dashbod. Ɗayan yana gaba wurin inji, kusa da batir, baƙin akwati mai murfi. A tarakta duba ƙasan allon mitoci. A mashin da Keke Napep kuwa yakan kasance dab da batir, cikin 'yar roba, a jikin jar waya.

Ka juya murfin akwatin. Galibi akwai zane da ke nuna kowane fiyus da aikinsa da lambarsa. Ga kaɗan daga rubutun da za ka gani: HEAD na babbar fitila ne, TAIL na fitilun baya, STOP na wutar burki, HORN na hon, WIPER na waifa, CIG na ramin caji, FAN na fankar lagireto, IGN na makulli. EFI kuma, a motocin Toyota masu fetur, na sashen da ke ba inji mai ne. In ya ƙone, mota za ta yi ta juyi amma ba za ta tashi ba. Ka ɗauki hoton wannan zanen da wayarka tun yau, don murfi na ɓata.

Ka san launi da lamba

Fiyus ɗin da ya fi yawa yanzu shi ne na roba mai ƙafa biyu. Lambar da ke kansa ita ce yawan wutar da zai iya ɗauka, ana auna ta da amfiya. Launinsa ma yana faɗa maka:

- 5: ruwan ƙasa mai haske
- 7.5: ruwan ƙasa mai duhu
- 10: ja
- 15: shuɗi
- 20: ruwan ɗorawa
- 25: fari garai-garai
- 30: kore

Akwai manya, akwai ƙanana, don haka ka tafi da tsohon shago a ba ka irinsa. Tsofaffin motoci da mashina da yawa na kwalba suke amfani da shi, lambarsa tana rubuce a hular ƙarfen da ke bakinsa. Sannan akwai manyan fiyus masu kama da ɗan akwati a wurin inji, wasu ma da noti aka ɗaure su.

Yadda za ka duba, mataki-mataki

1. Ka fara lura da abin da ya mutu. In kwan fitila ɗaya ne ya ɗauke, wataƙila kwan ne ya ƙone. In abubuwa biyu ko uku suka mutu lokaci guda, misali fitilun baya da hasken mitoci, to zargi fiyus. In komai ya mutu ɗif, fara da kan batir, ka ga ko ya saki ko ya yi gishiri-gishiri.

2. Ka faka nesa da titi, ka ja burkin hannu, ka sa wa taya dutse in akwai lodi. Kashe inji, cire makulli, kashe fitila.

3. Nemo fiyus ɗin a zane, ka zare shi tsaye da ɗan matsefin roba da ke cikin akwatin, ko da filaya mai tsinin baki. Kada ka ɓamɓare shi da wuƙa ko sukundireba. Ɗaya-ɗaya za ka riƙa cirewa kana mayarwa, kada ka kwashe su duka ka rikice.

4. Haska shi da tocila. In ƙarfen tsakiya a haɗe yake, lafiya lau. In ya rabu, ya ƙone.

5. Ido na iya ruɗi, musamman da dare. Abin da ya fi tabbas shi ne tasta, wato ɗan tsinken nan mai kwan fitila da waya. Maƙala wayar a ƙarfen mota mara fenti, murɗa makulli mitoci su kawo, kunna abin da ya mutu, sai ka taɓa ɗigon ƙarfe biyu da ke saman fiyus ba tare da ka cire shi ba. In tasta ta kama a duka biyun, fiyus na da kyau. In ta kama a ɗaya kawai, ya ƙone. In ba ta kama ko'ina ba, wutar ba ta iso nan ba ma, matsalar tana can baya.

6. Saka sabo mai lamba ɗaya da tsohon, makulli a kashe. Danna shi ya zauna daram, sannan ka gwada.

Idan babban fiyus na wurin inji za ka taɓa, fara kwance kan batir na baƙar waya, mai alamar ragi. Shi ake fara cirewa, shi ake ƙarshen mayarwa. Ka cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka sa hannu.

Tsohon fiyus yana ba da labari

Kada ka yar da shi sai ka ƙare masa kallo. In cikinsa ya yi baƙi ƙirin, wuta ce ta haɗu da ƙarfi, akwai waya da ke taɓa bodi. In ƙarfen ya rabu tsaf ba baƙi, yawanci nauyi ne ya yi masa yawa, ka tuna abin da ka jona kwanan nan. In kuma robar ce ta narke ta wajen ƙafafu alhali tsakiya bai tsinke ba, to mazauninsa ne ya saki ko ya yi tsatsa. Cire kan batir, goge shi da 'yar sanfefa, a matse shi.

Abin da ba a yi, komai matsi

Kada ka naɗa waya, ko takardar azurfar kwalin taba, ko ƙusa a madadin fiyus. Mun san ana yi, kuma motar takan tashi. Amma ka toshe ƙofar fangali ke nan. Ranar da wuta ta sake haɗuwa, ba abin da zai tsinke, wayar ce za ta yi jajir a bayan dashbod. Ka tuna me ke cikin motarka: buhunan leda, harawa, jarkar fetur ɗin injin ban-ruwa. Kafin a ɗebo ruwa an gama.

Haka nan kada ka sa mai lamba 30 inda aka rubuta 10 wai don ya daina ƙonewa. Kaurin wayar da ke wurin daidai 10 aka yi shi. Fiyus zai daina ƙonewa, waya ta karɓi aikin.

Ka kuma guji fiyus na bogi. Akwai masu arha da ba sa tsinkewa a lambar da aka rubuta musu. Araha ba ta ado. Saya wurin mai kayan gyaran da ka yarda da shi.

In ka maƙale a daji ba ka da sabo

Duba cikin akwatin ko jikin murfin, masu ƙera mota kan bar guda biyu ko uku na ajiya. In babu, ari na abin da za ka iya haƙura da shi, kamar rediyo ko ramin caji, muddin lambarsu ɗaya. Wanda ya ɗan gaza lamba ba zai cutar da waya ba, iyaka ya ƙone da wuri. Wanda ya fi lamba ne haɗari. Kada ka ari na wutar burki, ko na fankar lagireto, ko na waifa in hadari ya haɗo.

In sabon ya sake ƙonewa

To, a nan ka tsaya, kada ka ƙarar da na ajiyarka. Lura da lokacin da yake ƙonewa. In sai ka taka burki ne, bi wayar fitilun baya, musamman ƙarƙashin bodi inda lodi da duwatsu ke dukanta. In sai ka faɗa rami ne, wata waya ce ke lilo tana taɓa ƙarfe. In bayan ka ratsa ruwa ne, buɗe mazaunin kwan fitila ka ga ko ruwa ya kwanta. In ramin caji ne, cire cajar, ka leƙa ko wani ƙarfe ya faɗa ciki. A tarakta, duba soket ɗin tirela da wayar da ke bi kusa da inda garma ke ɗagawa.

Ka ga wurin da ya goge? Naɗe shi da baƙin salatif, ka ɗaure wayar nesa da ƙarfe, ka lallaɓa zuwa gari a gyara sosai. In ba ka gani ba, ko kana jin ƙaurin roba, cire kan batir ka nemi mai wayarin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Hattara wajen jona batir da na wata mota: ja da ja, baƙi da baƙi ko da ƙarfen inji. Juya su na ƙona babban fiyus nan take, wani lokaci har da altaneta. Kuma manyan motoci da yawa wutarsu bolt 24 ce, ƙananan kuwa 12. Kada a haɗa su.

In za ka ƙara fitila

Lissafin ba wuya. Raba ƙarfin fitilar da 12. Fitila mai wat 120 tana jan amfiya 10, don haka fiyus 15 ya dace da ita. A ja mata wayarta mai kauri daga batir, a sa rilé, a sa fiyus ɗin kusa da batir. Kada a ɗosana ta a wayar babbar fitila.

Guzurin da ya kamata ya zauna a mota

Fiyus biyu-biyu na 10, 15 da 20, da ɗaya-ɗaya na sauran lambobin da motarka ke amfani da su, tasta, filaya, baƙin salatif, tocila, sifana mai lamba 10, wadda ita ke kwance kan batir a yawancin motocin Japan. Zuba su a robar da ruwa ba ya shiga.

Kafin kakar shinkafa, da kuma kafin a fara kwasar albasa, ware rabin awa ka buɗe akwatunan nan biyu. Kakkaɓe ƙura, duba tsatsa da kashin ɓera, tabbatar murfi na rufuwa. In ka tarar da waya a naɗe inda fiyus ya kamata ya kasance, cire ta a ranar. Ka nuna wa yaron motarka ma yadda ake yi, don ba kullum kake wurin ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya dawo da mu lafiya.