Sarƙa ko Bel: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Sayi Babur na Rangadi

Inji ba ya juya ƙafar baya ta babur sai da wani abu da ya haɗa su. A yawancin babura abin nan sarƙa ce ta ƙarfe, a waɗansu kuwa bel ne.

Baburan farko da bel na fata ko na roba aka yi su, kamar Triumph na 1915 wanda masu kai saƙon sojan Ingila suka hau a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Aibinsa shi ne da ruwa ya taɓa shi sai ya riƙa santsi, inji na ta kuka babur ba ya gaba. Saboda haka sarƙa ta kore shi. A 1980 kamfanin Harley-Davidson na Amurka ya komo da bel, amma mai haƙora, wanda ba ya zamewa. Wannan ba ya bukatar mai, ba shi da ƙara, yana kuwa daɗewa bisa kwalta.

To, amma hanyar hakimi ba kwalta ba ce. Tsakuwa guda in ta shiga tsakanin bel da haƙora tana iya huda shi, in ya tsinke kuwa ba a ɗinkewa, sai sabo, sabon ma ba a samunsa a kasuwar ƙauye. Malamin da ya ɗauko wasiƙar Sarki sai ya kwana a daji. Sarƙa fa, kowane makaniki yana iya cire gaɓar da ta lalace ya haɗa ta nan take. Don haka ita ta fi dacewa da aikin gunduma, sai dai tana son kula. Ƙura in ta gauraya da mai takan ci ƙarfe kamar zarto. Lalle a wanke ta da kananzir, a sa mata mai, kada a ɗaure ta tamau, a bar mata sassauci kamar inci ɗaya.

Akwai kuma batun faifan haƙora guda biyu da sarƙa ke hawa. Misali, in na gaba yana da haƙora 14, na baya 42, sai na gaba ya juya sau uku kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. In aka sa na baya mai 45, babur zai ƙara ƙarfin ja cikin rairayi da hawan tudu da kaya, amma gudunsa zai ragu, ya ƙara shan mai. In aka sa na gaba mai 15, sai akasin haka. Ƙasa mai yashi ta fi son na farkon.

Ranar da za a canja sarƙa, a canja ta tare da faifan duka biyu, gama tsofaffin haƙora da suka lanƙwashe sukan cinye sabuwa tun kafin ta kai kwananta.