Gwajin Fitsarin Ma'aikata: A Tabbatar Kafin A Sallami Mutum

GODOGODO, Jihar Kaduna — A kakar citta, mai mota a Godogodo da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Jema'a yakan damƙa wa direba ɗaya kayan da kuɗinsu ya ninka albashin direban na shekaru, ya sallame shi zuwa Kano ko Legas. Haka nan mai injin tsaga katako yakan bar matashi a gaban zarto tun safe har yamma. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan masu irin waɗannan sana'o'i suka so sanin ko ma'aikatansu na shan miyagun ƙwayoyi.

Damuwar tasu tana da tushe. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu kuwa tabar wiwi suka sha. Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wato NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta ƙara matsa kira ga masu ɗaukar ma'aikata da su riƙa yin gwaji tun bayan da Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya ya karɓi shugabancinta a 2021. Sai dai abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fara sani shi ne, gwajin fitsari hawa biyu ne, kuma hawa na farko zato kawai yake bayarwa.

Hawa na farko shi ne gwajin nan-take, wanda ake tsoma ɗan tsinke a fitsari a karanta cikin minti biyar. Yana da araha da sauri, amma yadda yake aiki shi ne ya kama duk sinadarin da siffarsa ta yi kama da ta ƙwayar da ake nema, don haka wani lokaci yakan kama maganin asibiti. Masana sun tabbatar cewa efabirenz, maganin cutar ƙanjamau, yakan fito kamar wiwi a wasu tsinkayen. Rifamfisin na tarin fuka da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta sukan fito kamar dangin kodin, wasu magungunan mura kuma kamar ƙwayoyin hana barci.

Ga misali na lissafi. A ce kamfanin sufuri yana da ma'aikata 200, 10 daga cikinsu ne ke shan ƙwaya, tsinken kuma yana kuskure sau 5 cikin 100. A cikin mutum 190 masu tsabta, tsinken zai nuna 9 ko 10 da ba su sha kome ba. Ke nan kusan rabin waɗanda gwajin ya kama ba su da laifi.

Kuskuren yana kuma zuwa ta ɗaya ɓangaren. Tiramadol, wanda ya yaɗu a tsakanin masu aikin ƙarfi da direbobi, ba ya fitowa a layin dangin kodin na tsinken da aka saba sayarwa, sai an sayi wanda aka rubuta sunansa a jiki. Mai mota zai iya sakin jiki da sakamako mai tsabta alhali abin da ya fi tsoro ba a ma neme shi ba. Bugu da ƙari, karatun tsinken ya saɓa wa na zazzaɓin cizon sauro da na juna biyu da jama'a suka saba da su: a nan layi biyu, ko da na biyun ya dishe, shi ne ba a sami kome ba, layi ɗaya kuwa shi ne an samu. Har ila yau, akasarin masu ƙera tsinkayen sun ƙayyade a ajiye su a zafin da bai wuce digiri 30 ba, abin da shagon rufin kwano ba zai iya ba a watan Maris.

Hawa na biyu shi ne tabbatarwa a ɗakin bincike, da na'urar da ake kira GC-MS ko LC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya ta faɗi sunan kowanne da yawansa. Amurka, wadda ta fara gwada ma'aikatan gwamnatin tarayya bisa umarnin Shugaba Ronald Reagan a 1986, ba ta karɓar sakamako sai ya bi wannan hawa. A tsarinta, wiwi sai ta kai nanogiram 50 a mililita ɗaya a gwajin farko, sannan 15 a na tabbatarwa. A harkar sufurinta ana raba fitsarin kwalba biyu, a rufe su a gaban mai shi, domin ya iya neman a sake gwada ta biyun a wani wuri. Ana auna ɗumin fitsarin cikin minti huɗu don hana musanya, kuma likita na musamman yana tambayar ma'aikacin magungunan da yake sha kafin a sanar da kamfani.

Ko bayan tabbatarwa, fitsari ba ya nuna cewa mutum a buge yake lokacin aiki. Yawancin ƙwayoyi suna ɓacewa cikin kwana biyu zuwa huɗu, wiwi kuwa takan kai wata guda a jikin wanda ya daɗe yana sha.

A gari irin Godogodo, inda kowa ya san gidan kowa, direban da aka sallama da sunan ɗan ƙwaya ba aikinsa kaɗai ya rasa ba, domin maganar za ta riga shi zuwa tasha, da gidan surukansa. Shi ma mai kamfanin yana cikin kasada, don Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraren ƙarar sallama ba bisa ƙa'ida ba, sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ba a bayyanawa yadda aka ga dama.

Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta sharaɗin gwajin a takardar ɗaukar aiki, ma'aikacin lafiya ya gudanar da shi, a kuma shirya tun da wuri da asibiti ko ofishin NDLEA kan inda za a aika fitsari don tabbatarwa. Wanda tsinke ya nuna, a janye shi daga tuƙi ko inji a ba shi wani aiki har sakamako ya dawo, maganar kuma ta tsaya tsakanin mutum biyu ko uku. Idan ta tabbata, asibitin masu taɓin hankali na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana kula da masu son daina shaye-shaye, kuma sau da yawa dawo da ƙwararren direba ya fi horar da sabo sauƙin kuɗi.