Ruwan Tuffa na Gida: Tun Daga Matsewa Yake Fara Sauyawa

A yankin Somerset na Ingila da Normandi ta Faransa, manoma sun daɗe suna matse tuffa su zuba ruwan a ganga, su bar shi makonni har ya zama giyar da suke kira saida. Da yawansu ba sa ƙara masa komai. Yis ɗin da ke jikin 'ya'yan itacen da na jikin kayan matsar shi ke cinye sukarin, ya mayar da shi barasa da iskar gas, barasar yawanci kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari.

Wannan shi ne abin da uwargida mai markaɗa tuffa domin yara, ko mai son haɗa khal a gida, ya kamata su sani: yis ba ya tambayar niyyar mutum. A sanyin Turai aikin yana tafiya a hankali, amma a zafinmu kwana biyu zuwa uku sun isa ruwan ya fara kumfa, kamar yadda kunun aya ke yi idan ya kwana babu firiji. Zaƙi ya ragu, gora ta kumbura, in an buɗe ta yi huci. In kwalba ce aka toshe bakinta, tana iya fashewa ta ji wa mutum ciwo. Khal ɗin tuffa da ake saya a shagunan magungunan Musulunci ma ta nan yake bi: sai ruwan ya zama barasa tukuna, sannan wasu ƙwayoyin halitta masu buƙatar iska su mayar da shi tsami. Malamai sun yi saɓani kan yin haka da gangan, don haka a tambaya kafin a fara.

Ɗanyen ruwan ma yana da nasa haɗarin. A 1996 a Amurka, ruwan tuffa da ba a dafa ba ya kwantar da mutane sama da 60 saboda ƙwayar E. coli, wata yarinya 'yar wata 16 ta rasu. Ƙwayar tana zuwa ne daga kashin dabbobi, tana jawo gudawa mai jini, a jikin yara kuma takan taɓa ƙoda. Tsamin tuffa bai isa ya kashe ta ba. Zafi ke kashe ta: a ɗora ruwan a wuta ya kai aƙalla digiri 71 a ma'aunin Salshiyas, in babu ma'auni a bari ya tafasa, ya huce, a sa a firiji a shanye cikin 'yan kwanaki.

Sai tuffa mai arha da ta fara ruɓewa, wadda mai tebur kan ce a yanke wurin kawai. Funfunar da ke kanta tana fitar da guba mai suna patulin, ita kuwa dafuwa ba ta kawar da ita. Irin wannan tuffa ba ta shiga injin markaɗe, komai arharta.