NOMAN WAKEN SOYA A KUDANCIN KANO: HANYOYIN ƘARA YAWAN AMFANI

1.0 Gabatarwa

Waken soya baƙo ne a ƙasar Hausa, amma ya zama ɗan gida. A garin Badafi da ke ƙaramar hukumar Kiru, da sauran ƙauyukan Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ana noma shi domin ci da kuma sayarwa. Sai dai sau da yawa akan tarar da manoma biyu masu maƙwabtaka, ƙasarsu ɗaya, ruwan da ya sauka musu ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗan'uwansa a yawan buhuna. Wannan babi zai bayyana cewa mafi yawan wannan bambanci yana tasowa ne daga shawarwarin da manomi yake yankewa a gonarsa, tun daga zaɓen iri har zuwa girbi.

2.0 Asalin Waken Soya da Muhimmancinsa

Asalin waken soya ƙasar Sin ne. An fara gwada shi a Nijeriya a shekarar 1908, amma nomansa ya fara kankama ne a ƙasar Tibi, wato jihar Binuwai ta yanzu. Ya bazu zuwa Arewa sosai bayan da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Ƙasashe Masu Zafi, wato IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta samar da nau'o'in iri da suka dace da ƙasarmu.

Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayar waken soya sinadarin gina jiki ne, kusan kashi 20 kuma mai ne. Mata suna yin awara da madara da daddawa da shi, masana'antu suna tatsar mai, dusarsa kuma tana shiga abincin kaji. Daga kudancin Kano akan kai shi manyan kasuwanni irin su Dawanau. Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma daminarsa ta fi tsawo, musamman wajen Doguwa da dajin Falgore, saboda haka ya dace da wannan noma.

3.0 Zaɓen Iri

Irin waken soya yana saurin mutuwa idan ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima. Don haka ya kamata manomi ya gwada shi kafin shuka: ya shuka ƙwaya 100 a ƙasa mai danshi, bayan mako guda ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan kaɗan ne suka fito, sai ya ƙara yawan iri ko ya nemi sabo.

Nau'in iri ma abin lura ne. TGx 1448-2E yana ɗaukar kusan wata huɗu kafin ya nuna, kuma kwansonsa ba ya saurin fashewa, saboda haka ya fi dacewa da wuraren da damina take da tsawo. Shi kuwa TGx 1835-10E yana nuna cikin kimanin wata uku, kuma yana jure wa cutar tsatsa. Manomin da ya makara, ko wanda ruwa yake saurin ɗaukewa a yankinsa, wannan ne ya fi masa amfani.

4.0 Lokacin Shuka da Tazara

Ana shuka waken soya ne bayan damina ta zauna, wato daga tsakiyar watan Yuni zuwa farkon Yuli. Idan aka yi gaggawa, zai nuna ana cikin ruwa, ƙwayar ta ruɓe. Idan kuma aka makara, ruwa zai ɗauke yana cikin zuba 'ya'ya, ƙwayar ta yi ƙanana.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shuka shi da faɗi kamar dawa. Waken soya yana son cunkoso. Masana sun ba da shawarar a bar santimita 50 zuwa 75 tsakanin kunya da kunya, da kimanin santimita 5 tsakanin tsiro da tsiro, kada zurfin rami ya wuce santimita 5. Hekta guda tana cin iri kilo 50 zuwa 70. Idan shuka ta cika, ganyenta yakan rufe ƙasa da wuri ya danne ciyawa. Duk da haka dole ne a yi noman firi bayan mako biyu, a yi maimai bayan mako biyar ko shida.

5.0 Taki da Ƙwayoyin Saiwa

A nan ne waken soya ya sha bamban da masara. Masara tana buƙatar yuriya mai yawa, shi kuwa waken soya yana samar wa kansa naitirojin. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ana kiran su rizobiya, waɗanda suke shiga saiwarsa su yi 'yan ƙulalai. A cikin ƙulalan nan suke jawo naitirojin daga iska su ba shukar. Idan aka tsaga ƙulli aka ga cikinsa ja-ja, yana aiki ke nan. Zuba yuriya da yawa yana rage wannan aiki, ga kuma asarar kuɗi.

Abin da ƙasar wannan yanki ta fi ƙaranci shi ne fosfaras, wanda ake samu a takin sufa. Ana zuba buhu huɗu zuwa biyar a hekta lokacin shuka. Haka kuma akwai garin rizobiya da ake cuɗanya iri da shi, kamar NoduMax da IITA take haɗawa a Ibadan. Ana cuɗawa a inuwa, a shuka a ranar, domin zafin rana yana kashe ƙwayoyin.

Shirin N2Africa, wanda Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta jagoranta daga 2009 zuwa 2019, ya gwada waɗannan abubuwa a gonakin manoman Kano da Kaduna a 2011 da 2012. Gonar da ba a sa wa komai ba ta ba da ƙasa da tan ɗaya a hekta. Sufa kaɗai, ko rizobiya kaɗai, kowanne ya ƙara kimanin kilo 450, haɗa su biyu kuma ya ƙara sama da kilo 750. Amma ba kowace gona ce ta sami wannan ƙari ba, domin taki ba ya gyara shukar da aka makara da ita ko aka bar wa ciyawa.

6.0 Sauya Shuka da Girbi

Manomin da ya shuka masara ko dawa a inda aka cire waken soya yakan ga ƙarin amfani. Bugu da ƙari, saiwar wasu nau'o'in waken soya tana sa irin wuta-wuta ya tsiro, sai ya rasa hatsin da zai kama, ya mutu. Ta haka ne ake rage wannan muguwar ciyawa a gona.

Ana girbi idan ganye ya zube kuma kimanin kashi 85 cikin 100 na kwanso ya bushe. Jinkiri yana sa kwanso ya fashe, ƙwaya ta zube ƙasa. An fi son a yanke shi da lauje maimakon a tuge, domin saiwa ta zauna ta amfani ƙasa. Bayan casa sai a shanya ƙwayar ta bushe sosai kafin a zuba a buhu.

7.0 Kammalawa

An ga cewa matakan nan sarƙe suke da juna, wanda aka yi sakaci da shi zai rage amfanin sauran. Mafi yawansu kuma ba kuɗi suke buƙata ba, sani da kiyaye lokaci suke buƙata. Malamin da aka tura makarantar karkara zai iya ware kunyoyi kaɗan a gonar makaranta, wasu da sufa da rizobiya, wasu babu, ya nemi taimakon malaman gona na hukumar KNARDA, domin ɗalibai da iyayensu su ga bambancin da idonsu.

Tambayoyi

1. Me ya sa waken soya ba ya buƙatar yuriya kamar masara?
2. Kawo illolin makara wajen shuka da wajen girbi.
3. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi: firi, maimai, casa, kwanso.