Kafin a Liƙa wa Mota Abin Rage Ƙara: Jan Hankali ga Direbobin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Duk direban da ke jigila tsakanin Ƙanƙara da Sheme, ko daga 'Yankara zuwa Funtuwa, ko daga Sabuwa zuwa Dandume, ya san wahalar wuni cikin mota mai ƙara: kai na sarawa, kunne na kuwwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa shafe fiye da sa'o'i 40 a mako cikin ƙarar da ta haura desibel 80 na iya lalata ji, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Shi ya sa wasu ke liƙa wa ƙofofi da daɓen mota wata shimfiɗa mai danƙo da ke shanye girgizar ƙarfe. Dabarar tana aiki, amma fa sai an shirya motar tukuna.

Da farko a gano inda ƙarar take fitowa. Rurin da ke ƙaruwa idan an ba mota wuta, galibi boris ne ya mutu ko taya ta ci gefe guda. Ƙwanƙwasa a kan gargada, a duba shokozoba da bushin. Idan sitiyari na karkarwa alhali mota na tsaye, a duba robar da injin ke zaune a kai. Wanda ya lulluɓe waɗannan da shimfiɗa ya bar jaki yana dukan taiki, domin ɓarnar na nan, alamarta kawai ya ɓoye. Mafi haɗari ita ce hujajjiyar salansa, saboda hayaƙinta na ɗauke da guba marar wari mai sa jiri da gyangyaɗi, har ta kai ga kisa. Don haka bakanike da mai walda su ne zangon farko.

Bayan gyara, a cire kan batir kafin a taɓa kujeru, musamman a motocin da ke da jakar iska ta kariya. A fitar da kujeru da kafet, a kwance marfin cikin ƙofofi, mai rewaya ya duba wayoyin da suka goge. Daga nan sai shara da wanki. Motocinmu suna shan ƙurar hunturu, suna ɗaukar masara da dawa da takin zamani, shi kuwa taki cin ƙarfe yake. A kankare tsatsa, a shafa fentin kariya, a goge maiƙo da sifirit. Kada a yi amfani da fetur, yana barin maiƙo ga haɗarin gobara. A bar ƙarfen ya bushe sarai, domin danƙo ba ya kama ƙura ko laima.

Wajen sayen shimfiɗar, a nemi ta robar butyl mai bayan alminiyam. Mai araha da aka yi da kwalta narkewa take a zafin Maris da Afrilu, ta cika mota da wari. Soson katifa da tsohon buhu kuwa ruwa suke riƙewa su haifar da tsatsa, kusa da salansa kuma su kama wuta.

Ba sai an rufe ko'ina ba. A ƙwanƙwasa ƙarfen, inda ya yi amo kamar gwangwani nan ake liƙawa, kuma kwata zuwa rabin wurin ya wadatar wajen rage girgiza. Wuce haka ƙarin nauyi ne da shan mai. A danne shimfiɗar sosai kada iska ta maƙale, sannan kada a toshe ramukan da ruwan sama ke fita a ƙasan ƙofa.

A ƙarshe, ragewa ake so, ba kurumcewa ba. A hanyoyin da ke cike da babura da dabbobi, ga kuma matsalar tsaro, dole direba ya riƙa jin abin da ke faruwa a waje. Idan an gama aiki, a gwada motar a kan hanya. In har sabuwar ƙara ta ɓullo, a koma wurin bakanike tun kafin a ɗauki fasinja.