Birnin Lalle: ina ganuwar ta tafi?

Ƴan'uwa ɗalibai, wanda ya je Birnin Lalle yau, kusa da Dakoro cikin jihar Maraɗi, ƙaramin gari zai tarar da gonakin hatsi kewaye da shi. To me ya sa ake ce masa birni? Ga Bahaushe ba kowane gari ne birni ba, sai wanda aka zagaye da ganuwa. Wannan wurin kuwa ya taɓa zama mazaunin sarakunan Gobir.

Gobirawa can arewa suke da fari, a ƙasar Azbin, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata cikin Infaƙul Maisur. Sunansu ma daɗaɗɗe ne. Ibnu Baɗuɗa da ya sauka Takadda a 1353, wato 754 bayan Hijira, ya ce ana kai tagullar garin zuwa ƙasar Kubar, kuma masana sun ce Gobir yake nufi. Da Abzinawa suka yi ƙarfi sai Gobirawa suka gangaro kudu, zango bayan zango, har suka zauna Birnin Lalle.

Ganuwar ƙasar Hausa da ƙasa ake gina ta, ba da dutse ba. Inda aka haƙi ƙasar sai ya zama rami a bayan ganuwa, shi ma kariya ne, don doki ba ya tsallake shi cikin sauƙi. Ana barin fili a ciki saboda noma da dabbobi, ko da maƙiya sun yi wa gari ƙawanya mutane ba za su rasa abinci da wuri ba. Amma fa ginin ƙasa sai da yaɓe. Kowa cikinmu ya ga yadda ruwan Agusta yake yi wa katangar gida. In damina ta wuce sarki yakan tara jama'a a gyara inda ya zube, kowace unguwa da rabonta. Ranar da babu mai kiran wannan gayya, ruwa ya ci sama, iska ta cika ramin da yashi, manomi ya zo ya shuka a kai.

A ganina wannan ne ya cinye Birnin Lalle fiye da kowane yaƙi: sarauta ce ta tashi ta bar shi. Sarakunan Gobir sun ci gaba da matsawa kudu. A ƙarni na 18 Sarki Babari ya ci Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birninsu. Ita ma rundunar jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ci ta a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a nan. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi, inda Sarkin Gobir yake zaune har yau.